Allurar Baba a gida: abin da nake rubutawa tun da aka sallamo mu

Asabar, 11 ga Janairu 2025

An sallamo Baba daga asibiti jiya da yamma, kuma daga yanzu allurar insulin ta ciwon suga ce safe da yamma, don ƙwayoyin da ya yi shekaru yana sha sun daina riƙe sugan su kaɗai. Metformin dai an bar masa, ɗayar ce aka cire. Aikin da na ɗora wa kaina shi ne kafin azumi ya kama ya zamana duk wani babba a gidan nan, ni da Umma da Auta, kowa zai iya ɗaukar sirinji ya ja daidai abin da likita ya rubuta ba ƙari ba ragi, ko ina gida ko ba na gida, don ni fita aiki nake yi kuma allurar yamma ba za ta tsaya jiran in fito daga gosulon Ƙofar Nassarawa ba.

Abin da aka ba mu Mixtard 30 ce, ta kwalba, mil 10 a ciki, a jikinta an rubuta 100 IU/ml. Yunit 18 da safe, yunit 10 da yamma, kowacce kamar rabin awa kafin abinci. Wannan lambar ta Baba ce shi kaɗai fa, da nauyinsa da gwajinsa aka duba aka yanka masa, don Allah kar wani ya gani a nan ya ce zai yi wa nasa tsohon.

Nas ɗin da ta nuna mana ta yi ƙoƙari wallahi, amma layi ne a bayanmu har ƙofa, ta ja sau ɗaya ta ce kun gani ko, muka ce mun gani. Na sayi littafi mai layi da biro na ɗaure da zare a jikin ƙusa kusa da gadon Baba. Kowace allura za a rubuta lokaci, yunit nawa, wa ya ja, a ina aka yi, da abin da injin gwaji ya nuna.

Talata, 14 ga Janairu

Na samu wani mai famasi da ya zauna da ni da gaske, kuma yanzu ne kaina ya waye. Sirinji ba ya sanin ƙarfin magani, yawan ruwa kawai yake aunawa. Kamar ludayin kunu ne, ludayi ɗaya ne dai amma kunu mai kauri da tsararo ba ɗaya suke a ciki ba. Wancan 100 IU/ml ɗin, wanda ake rubutawa U-100, yana nufin a kowane mil ɗaya na ruwan akwai yunit 100 na insulin, shi kuma sirinjin an zana layukansa ne a kan wannan lissafin, to muddin kwalba U-100 ce sirinji ma U-100 ne, lambar da ka gani ita ce yunit ɗinka. Yunit 18 na Baba bai ma kai kashi ɗaya cikin biyar na mil ɗaya ba, 0.18 ne, ɗan ruwa kaɗan wanda in ya zuba a tebur ba za ka ce komai ba ne, amma shi ne zai riƙe mutum yini guda ko ya kayar da shi.

Yadda muke yi yanzu. A wanke hannu da sabulu. Mixtard tana kwanciya, farin yana sauka ƙasa ruwan ya taso sama, saboda haɗi ce, kashi 30 mai saurin aiki kashi 70 mai jan lokaci, to dole a murza kwalbar a tafin hannu a hankali a juya ta sama da ƙasa har ta zama fara gaba ɗaya kala ɗaya. Ba a girgiza ta da ƙarfi, kumfa take yi. In ba a haɗa ta sosai ba yau ka ja mai ruwa-ruwa gobe ka ja mai kauri, lamba ɗaya a sirinji amma aiki daban a jiki. Sai a goge robar bakin kwalba da sifirit, a ja iska daidai yawan yunit ɗin a tura cikin kwalbar, a kifa ta, a ja maganin. In akwai kumfar iska a ɗan ƙwanƙwasa da yatsa ta hau sama a mayar da ita. Umma ta tsorata da iskar nan sosai, ta ji ana cewa iska a allura tana kisa, mai famasin ya ce 'yar wannan a ƙarƙashin fata ba ta kisa, illarta ita ce ta cinye wurin magani sai a yi wa mutum ƙasa da abin da ya kamata.

Karatun kuma a saitin ido ake yi, a wurin haske, kuma gefen baƙar robar da ke kusa da tsinin allura shi ake dorawa a kan layi, ba tsakiyarta ba, ba ƙasanta ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Yau muka yi gwaji da ruwa. Na ajiye sirinji guda na ɗaura masa jan zare don kar ya taɓa haɗuwa da na Baba, na zuba ruwa a kofi, na ce kowa ya ja min 18.

Auta ya ja daidai. Umma ta sa tabarau, ta kai robar kan 10, sannan ta fara ƙirga ƙananan layukan da bakinta, sha ɗaya, sha biyu, sha uku, har ta kai sha takwas ta miƙo min tana cewa ga shi nan. Na duba, robar ta wuce 20 tana kan 26. Kuma lissafinta ba shirme ba ne, duk wanda ya san ruler haka zai yi, matsalar ita ce sirinjin da muke da shi mai mil 1 ne mai ɗaukar yunit 100, kuma a irinsa kowane ƙaramin layi yunit 2 ne ba 1 ba. Tsakanin 10 da 20 layi huɗu ne kacal a tsakiya, 12, 14, 16, 18. Babu wanda ya faɗa mana wannan, kuma a jikin ledar ba da Hausa aka rubuta ba balle a ce ta karanta.

Jikinta ya yi sanyi, ta ajiye ta ce "ni kam ku riƙa yi, kar in je in kashe muku uba." Na ce Umma ai shi ya sa muke yi da ruwa, kuma ranar da ba ni ba Auta ke ce dai. Na ɗauko kwali na zana sirinjin ƙato da maka, na rubuta lambar kowane layi a gefensa, na ja jan layi a kan 18 na rubuta SAFE, na ja shuɗi a kan 10 na rubuta YAMMA. Ta sake gwadawa tana kallon kwalin har hannunta ya faɗa. Dokar da muka kafa daga yau, wanda ya ja zai faɗi lambar da ƙarfi ya nuna wa mutum na biyu kafin a soka, ko da Baban ne da kansa zai duba.

Litinin, 27 ga Janairu

Sirinji ya ƙare na aiki Auta kemis ɗin bakin titi, ya dawo da leda ya ce Yaya wannan ya fi araha kuma mai shagon ya ce duk na insulin ne. Da na buɗe sai na ga murfin ja ne, namu kuwa ruwan lemo ne, kuma lambobin a 40 suka tsaya maimakon 100. A jiki an rubuta U-40.

Wannan shi ne abin da ya fi tayar min da hankali tun da muka fara. Akwai insulin da ake haɗawa yunit 40 a mil ɗaya, shi aka yi wa wannan sirinjin, ƙasashe da yawa sun koma U-100 zalla amma a kasuwarmu har yanzu kana iya cin karo da sirinjin U-40 a cikin kwali ɗaya da ɗayan. Na zauna na yi lissafin a bayan littafi. Layin 18 a sirinjin U-40 ruwa ne mil 0.45. In ka cika wannan da insulin ɗin Baba mai yunit 100 a mil, ka yi masa yunit 45 ke nan kana ganin 18 ka yi, ninki biyu da rabi, ga tsoho mai shekaru da dama wanda wani lokacin ko rabin kwanon kokonsa ba ya shanyewa. In aka juya kuma, wato insulin U-40 a sirinjin U-100, sai mutum ya samu ƙasa da rabin maganinsa, suga ya ƙi sauka a yi ta cewa maganin ne ba shi da kyau.

Na koma shagon da kaina, ban yi faɗa ba, na nuna masa kwalbar da sirinjin na yi masa lissafin a gabansa, ya yi shiru ya karɓa ya mayar da kuɗin. Ina fata ya riƙe, don ba mu kaɗai ke saye a wurinsa ba. Ban yarda a dogara da kalar murfi kaɗai ba ma, wani kamfanin yana iya canzawa, rubutun U-100 ɗin shi za a nema a jikin sirinji a kuma nema a jikin kwalba duk lokacin da aka sayo sabo. Na ɗauki hoton ledar da ta dace na tura wa kowa a WhatsApp ɗin gida.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na samo sirinji mai rabin mil, mai ɗaukar yunit 50, kowane layi yunit 1 kuma layukan sun fi tazara. Umma ta ji daɗinsa sosai. Sai da na sake zana kwalin, tsohon na yaga shi don kar a samu biyu a gida. Tsofaffin masu mil 1 da suka rage na kulle su a durowata.

Wanda aka yi amfani da shi yana shiga wata jarka mai kauri mai murfi da na rubuta wa ALLURA a jiki, ba ya shiga shara, yara masu tsince-tsince a bola suna cikin raina.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Ranar Alhamis an yi wa Baba ta safe daidai, 18, Auta ya ja Umma ta duba, sai ga sallama a ƙofa wai an yi rasuwa a layin baya za a kai yanzu. Baba ya zura riga ya fita bai karya ba. Daga masallaci aka taka zuwa maƙabarta a ƙafa aka dawo a ƙafa. Da ya shigo gida Umma ta ce gumi ne ya jiƙa masa riga sharkaf alhali ana sanyin hunturu, hannunsa na karkarwa, ta yi masa magana ya amsa wani abu daban. Auta ya soki yatsa, inji ya nuna 58.

Alhamdulillahi mun riga mun yi wannan darasin. Duk abin da ya yi ƙasa da 70 suga ya faɗi, a ba mutum zaƙi mai saurin shiga jini kamar giram 15, wato ƙaramin cokalin shayi na suga uku zuwa huɗu a ruwa, ko babban cokali na zuma, ko kamar rabin kwalbar lemo mai suga, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a ƙara. Umma ta dama suga ta ba shi, da aka sake gwadawa 84, sannan ya ci biredi da ƙosai don kar ya sake sauka, tunda bangaren Mixtard mai jan lokaci yana nan yana aiki. Da a ce ya suma ba a ɗura masa komai a baki, shaƙewa zai yi, sai a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti.

Abin da na ƙara a kwali, ba a yin allura sai abinci ya sauka an gan shi da ido. Kuma na sa ƙullin suga a aljihun kowace rigar da yake fita da ita, da 'yar takarda mai cewa yana allurar insulin da lambar wayata.

Wani abu kuma, maƙwabcinmu ya leƙo dubiya yana cewa shi nasa 7 ne yau, Umma ta zaro ido. Injinsa na gwajin suga da ma'aunin mmol/L yake ƙirga namu da ma'aunin mg/dL, sai ka ninka nasa da 18 ka samu namu, 7 ɗinsa kusan 126 ne a wurinmu.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Anti, ƙanwar Umma, ta zo yau da wata 'yar kwalba a cikin jaka, ta ja ni ɗaki ta ce "'yata tunda kin zama likitar gidan nan zo ki ja min wannan." Allurar rage ƙiba ce ta saya a wurin wata mai talla a Instagram, an haɗo mata da sirinjin insulin guda huɗu da saƙon murya mai cewa ta fara da biyar. Biyar ɗin me, ba a faɗa ba. A jikin kwalbar an rubuta semaglutide da wata lamba da ta fara gogewa, ba sunan kamfani, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa.

Ni ba na ganin laifin Anti ko kaɗan, gwiwoyinta sun dame ta har sallah a zaune take yi, ta gwada shayin rage teɓa kala-kala, kuma maganin nan na gaskiyarsa yana aiki. Semaglutide shi ne ke cikin Ozempic da Wegovy na kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak, Ozempic an amince da shi a Amurka a 2017 don masu ciwon suga, Wegovy a 2021 don rage ƙiba. Sau ɗaya ake yi a sati, yana rage yunwa yana sa abinci ya daɗe a ciki. Amma da miligiram ake auna shi ba da yunit ba, ana farawa da 0.25 mg har sati huɗu kafin a hau 0.5, a hankali a hankali don ciki ya saba, kuma na asalin a cikin abin allura mai kama da biro yake zuwa wanda kake murɗawa lambar ta fito a rubuce.

Da zarar an zuba shi a kwalba an ba ka sirinjin insulin to lissafi ya dawo kanka. Na nuna mata a takarda. In ruwan 5 mg ne a kowane mil, 0.25 mg zai zama mil 0.05, wato layin 5 a sirinjin U-100. In kuma 2.5 mg ne a mil, layin 10 ne. Kwalba biyu masu kama ɗaya, lamba daban. Na miƙa mata sirinjin gwajinmu na ce Anti nuna min biyar, ta ja har tsakiya ta tsaya a kan 50, ta ce ai wancan na ƙasan ba komai a ciki. Ninki goma ke nan. Kuma ba ita kaɗai ba ce, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a watan Yuli 2024 a kan daidai wannan, mutane suna jan 50 a maimakon 5, wasu sun yi wa kansu ninki biyar har zuwa ninki ashirin, aka kwantar da wasu da amai ba tsayawa da ciwon ciki da bushewar jiki. Abin da ya sa ya fi muni, maganin yana ɗaukar kusan sati guda kafin rabinsa ya bar jiki, in ka zarce ba cewa za ka yi zuwa yamma zai sake ni ba.

Wannan duk in an ɗauka abin da ke cikin kwalbar semaglutide ɗin ne da gaske. A 2023 a ƙasar Ostiriya an kwantar da mutane a asibiti bayan sun yi Ozempic na jabu wanda ake zargin insulin aka zuba a ciki, sugansu ya faɗi warwas, a watan Yuni 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan na jabu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In har biro mai kwali da tambari ana yin jabunsa, ina ga kwalbar da ba ta da ko suna.

Na ce Anti ki yi haƙuri, wannan ba zan ja ba, kuma ina roƙonki kar ki kai wa wani ya ja miki. Ranta ya ɓaci, kuɗi masu yawa ta zuba, ta ce to yanzu asara zan yi ke nan. Umma ce ta lallashe ta har ta yarda za ta bi mu asibiti ranar da Baba zai koma. Kwalbar na karɓa na ajiye nesa da ta Baba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Mun je jiya da littafin, likita ya bi shi shafi-shafi kuma ya ce ya fi masa amfani fiye da gwajin rana ɗaya. Na safe kafin karyawa yanzu yana yawo tsakanin 110 da 140, da muka fara sama da 200 yake kwana.

Maganar azumi ta ɗauki lokaci. Likita ya faɗa wa Baba kai tsaye cewa mai allura sau biyu a rana wanda sugansa ya faɗi kwanan nan shawararsa kar ya yi, Baba ya ce tun yana yaro bai taɓa sha ba zai gwada. Sai likitan ya ce to da sharaɗi, ya juya alluran, babbar ta koma lokacin buɗa baki 18, ta sahur ya rage ta zuwa 6, a yi gwaji da hantsi da azahar da la'asar, kuma in ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ko jiki ya canza a karya nan take. Baba ya tambayi limamin masallacinmu ya tabbatar masa sukar yatsa don gwaji ba ta karya azumi. Kwali na uku ke nan zan zana, SAHUR da BUƊA BAKI, na safe da yamma zan ɓoye shi sai bayan sallah.

Anti kuma an yi mata gwaji, ashe ita ma sugan ya fara hawa. Likita ya duba kwalbar ya ce kar ta kuskura. Ya tambaye ta ko akwai mai kansar tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya) a dangi, ko ta taɓa kumburin fankiriyas (gaɓar cikin da ke samar da insulin), ko tana da ciki ko tana nema, tambayoyin da mai Instagram ba ta yi ko ɗaya ba. Ya fara ta da metformin, ya ce maganar allura sai bayan azumi.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya sauko da ƙarfinsa, wuta sai ta yini ba ta zo ba. Insulin da ba a buɗe ba wurinsa firij ne, digiri 2 zuwa 8, a can tsakiya ba kusa da wurin ƙanƙara ba, in ya daskare ya lalace ko da ya narke. To firjinmu rabin yini a kashe yake, na daina sayen kwalba biyu, ɗaya nake saye in ta kusa ƙarewa in ƙaro. Wadda ake amfani da ita kuma na yi mata tukunya cikin tukunya, ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, yashi a tsakani ana jiƙa shi safe da yamma, jiƙaƙƙen tsumma a sama, a inuwa inda iska ke wucewa. Dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa ce don ajiye kayan miya har ya samu kyautar Rolex a 2000, kuma a busasshen zafi irin namu ta fi aiki. Kwalbar tana cikin wata 'yar roba mai murfi don kar laima ta cinye rubutun jikinta.

Abin da ya ƙara kwantar min da hankali, ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba sun yi bincike da aka wallafa a 2021, sun gwada insulin a irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley da ke Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, ya riƙe ƙarfinsa har sati huɗu. Amma ɗakinmu mai kwano da rana yana iya wuce haka, shi ya sa tukunyar. Ina rubuta ranar da aka buɗe kwalba a jikinta, sati huɗu in sun cika ko ta yi gudaji-gudaji ko farin ya manne a gilashi ya ƙi haɗuwa, an gama da ita ko da saura. Yana min ciwo, kwalba yunit 1000 ce kuma Baba ba ya cinye ta a sati huɗu, amma haka muke yi.

Shekaranjiya bayan la'asar inji ya nuna 64. Na kawo dabino da ruwan suga na durƙusa a gabansa, ya dube ni ya ce "Uwata, saura awa biyu fa." Na ce Baba likita ya ce ko saura minti goma ne, kuma Malam ma ya faɗa maka. Ya daɗe yana kallon kofin kafin ya karɓa, idonsa ya kawo ruwa, nima haka. Na kira likita ya ce a mayar da ta sahur 4.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah lafiya. Baba ya sha wasu kwanaki, zai yi magana da Malam a kan ramuwa ko ciyarwa. An koma 18 da 10, kwalin azumi na cire shi daga bango tun daren sallah.

Wani abu da na gano da hannuna, a cinyarsa ta dama akwai ƙullutu mai ɗan tauri, ashe in Umma ce za ta yi masa nan yake nuna mata kullum don wurin ya daina zafi. Nas ta ce kitse ne ke taruwa in ana maimaita wuri ɗaya, kuma insulin a irin wurin ba ya shiga jini daidai, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, sai ka auna daidai amma jiki bai samu daidai ba. Yanzu mun bar wurin ya huta, mun raba ciki gida huɗu ana barin kamar faɗin yatsu biyu daga cibiya, kowane sati gida ɗaya, kowace suka a matsa kamar faɗin yatsa daga ta baya. Ta kuma gargaɗe mu mu ƙara yawan gwaji a kwanakin nan don sabon wuri yana iya jan maganin fiye da da.

Anti ta samu biron Ozempic da takardar likita daga famasi mai rajista, tsada kam ba a magana, 'ya'yanta ne suka haɗa. Ta zo nan muka yi ta farko tare. Sabon tsini kowane sati, a sabon biro ana fara gwada fitar ɗigo, sannan a murɗa har 0.25 ta fito a tagar, a soka a danna har lamba ta koma 0 a ƙirga shida kafin a zare. Wata ƙawarta ta ce mata ana ƙirga ƙarar murɗawa don a ja maganin ya daɗe, na ce lambar da ke taga kawai za ta bi. Ta zaɓi Juma'a ta zama ranarta. Tashin zuciya ta ɗan yi kwana biyu, ta rage maiƙo ta rage yawan abin da take zubawa a faranti.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Inda muke yanzu, Umma tana ja ita kaɗai ba ta ko kallon kwali, amma dokar nuna wa mutum na biyu tana nan. Auta zai koma makaranta ƙarshen wata, don haka matar Yaya da ke kusa da mu ta fara zuwa gwajin ruwa, ranar farko na haɗa mata sirinji mai jan murfi a cikin sauran da gangan kuma ta tsince shi ta ajiye gefe.

Wanda ya rage shi ne Baba da kansa. Yana so ya riƙa yi wa kansa ko don tafiya, amma layukan ba ya ganinsu ko da tabarau, na gwada masa da gilashin ƙara girma ma hannun ne ke rawa. An rubuta mana ganin likitan ido, dama an ce mai suga ya riƙa duba ido duk shekara. Akwai irin insulin ɗinsa a biro, wanda lambar ke fitowa manya, ana fitar da yunit 2 a iska kafin kowace allura don a tabbatar tsinin ya buɗe, sai dai ya fi kwalba tsada kuma tsinin ma sayensa ake yi daban. Ranar Talata zan zaga famasi biyu-uku in jiyo kuɗin biro da tsini na wata guda, in mun ga aljihu zai ɗauka sai mu kai wa likita maganar a zuwa na gaba.